Sunayen da ke Cikin Kaset

Ranar Lahadi, bayan an taso daga coci, Baffa Ganizani ya bugo waya daga Johannesburg. Shi ne yayan baban Tiyamike. Ya faɗo daga kan tsani a wurin aiki, ƙafarsa ta karye. Yana kwance a asibiti, ba abin yi sai kallon rufi.

Tiyamike tana aji bakwai a makarantar firamare ta Chinamwali, a garin Zomba. Ba ta san baffan nata ba sai a hoto. Ya tafi tun tana goye, kuma bai sake dawowa ba. Yakan aiko da takalma da barguna. Bara ma ya aiko mata da kwamfutar hannu. Shi kansa ne dai bai zo ba.

Baba ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Mavuto," in ji Baffa, "ka san abin da ya faɗo mini a rai jiya? Wasan ɗan akuyan nan namu."

Baba ya yi dariya. "Wanda nake cinye ka kullum?"

"Kai ɗin? Kai da kake kuka in akuyarka ta faɗa rami?"

"Yaya, ƙafar ce ta karye ko kan? Sunana ne a sama."

"Nawa ne."

"Nawa ne, ko yau aka buɗe."

Mama tana tsince wake a bakin ƙofa. Ta girgiza kai ta ce, "Ku ji manya da furfura. A kan akuya."

"Baba, wane wasa ne?" in ji Tiyamike.

Baba ya hau kujera ya sauko da wani kwali daga saman kabad. Ya share ƙurar da hannun rigarsa. A ciki akwai wata na'ura mai ruwan toka, da abin riƙewa guda biyu masu maɓallan sarrafa wasa, da wayoyi a nannaɗe. Akwai kuma kaset guda ɗaya, mai kauri kamar sabulu. Hoton akuyar da ke jikinsa ya kusa gogewa.

"Wannan ita ce na'urar wasanmu," in ji Baba. "Duk wanda ya ci maki mai yawa, sai wasan ya ba shi dama ya rubuta haruffa uku na sunansa. Mutum goma yake riƙewa. Suna nan cikin kaset ɗin."

"Har yanzu? Yaya aka yi bai manta ba?"

"Akwai wani ɗan batir a ciki, kamar maɓallin riga. Shi yake riƙe da su."

Tiyamike ta kai kaset ɗin kunnenta. Ba ta ji komai ba. Abin ya ba ta mamaki, a ce sunaye suna zaune cikin duhu shekara da shekaru, suna jira.

Sai dai akwai matsala. Tsohon talabijin ɗin gidan ya daɗe da mutuwa. Sabon kuwa ba shi da ramukan da wayoyin na'urar za su shiga.

Baffa yana jin su a waya. Sai ya ce, "Da zan sake ganin wasan, ko sau ɗaya, in ji kiɗan nan, da na ji daɗi." Wannan karon ba da wasa ya faɗa ba.

"Baffa, zan tambayi malamarmu," in ji Tiyamike. "Zan ɗauko maka shi a kwamfutar da ka aiko mini. Za ka ga sunayen da idonka."

"Kin yi alkawari, 'yata?"

"Na yi."

Washegari ta sami Malama Makwinja, mai koya musu kwamfuta. Malama ta saurare ta har ta gama. Sannan ta jawo aljihun tebur ta ciro wata 'yar na'ura, girmanta bai wuce akwatin ashana ba. Tana da ramuka uku: rawaya, fari da ja.

"Ni ɗan aike nake ce masa," in ji Malama. "Aikinsa ya karɓi hoto da sauti daga na'urar wasa, ya kai wa kwamfuta. Wayar rawaya ta hoto ce. Fara da ja na sauti ne."

Ta sa mata manhajar ɗaukar hoto a kwamfutarta, ta nuna mata inda ake dannawa.

"Amma ki sani, da wuya ya yi aiki a karon farko. Tsofaffin kaya suna da taurin kai. Idan ya ƙi, ki canza abu ɗaya, ki duba. In bai yi ba, ki mayar da shi yadda yake, sannan ki gwada wani. Kin ji?"

"Na ji, Malama."

Ta ji ɗin. Amma hankalinta yana kan ɗan aiken da ke tafin hannunta.

Ranar Asabar da safe Baba ya haɗa na'urar a kan teburin falo. Ya sa kaset a hankali. Ya danna maɓalli, wata 'yar jan fitila ta kama. Baba ya tsaya yana kallonta kamar ya ga tsohon aboki.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba kafinta ne, kuma wani ya zo ɗaukar kujerun da ya ba da aiki. Dole ya tafi shago.

"Ki gwada abin da za ki iya," ya ce. "Abu ɗaya kawai na hana ki. Muddin jan fitilar nan tana kunne, kada ki taɓa kaset. In aka cire shi da wuta a jiki, yana iya manta komai."

"To, Baba."

Ya fita. Mama ma ta tafi kasuwa.

Tiyamike ta buɗe manhajar. Sai ga hoto ya fito tas. Amma ba akuya ba ce. Fuskarta ce, da kitsonta, da bakinta a buɗe.

Ta yi dariya ita kaɗai. Ta yi tunani. Ashe manhajar tana kallo ne ta idon kwamfutar, wanda ke saman allo. Ba a gaya mata ta saurari ɗan aike ba. Ta nemi wurin zaɓi, ta zaɓe shi. Fuskarta ta ɓace. Allon ya koma baƙi ƙirin.

Ana cikin haka Limbani ya leƙo ta taga. Ɗan maƙwabtansu ne, ajinsu ɗaya. Yana riƙe da gasasshiyar masara.

"Sannu da aiki, injiniya. Wannan baƙin ne fim ɗin?"

"Shigo ka taya ni, ko ka tafi da masararka."

Ya shigo ya zauna a ƙasa. Suka bi wayoyin da ido, daga na'ura har zuwa ɗan aike. Limbani ne ya fara gani.

"Kin sa rawaya a ramin fari."

"Ban sa ba."

"To, ni ne makahon."

Ta duba. Gaskiyarsa ce. Ta musanya su. Nan take allon ya motsa, wani siririn kiɗa ya tashi, kamar ana busa 'yar sarewa.

Amma hoton ba launi. Toka-toka ne, kuma ba ya tsayawa. Sai ya yi ta gangarowa daga sama zuwa ƙasa, ya sake komawa, kamar ana jan labule. Tiyamike ta danna abin riƙewa. Wasu layuka suka bayyana, suna gudu tare da hoton. Ta matso da fuskarta dab da allo. Ta jira layin farko ya zo wucewa. Haruffa uku ne: G, A, N. Ta sake jira, ta sake gani. Sauran layukan ba su karantu ba.

"Suna nan," ta ce a hankali. "Limbani, sunayen suna nan."

"To, ɗauka mana."

"A haka? Baffa ba zai ga komai ba. Sai ya ce ruwan sama na ɗauko masa."

Ta shiga wurin saitin manhajar. Abubuwa ne birjik, wasu ba ta taɓa jin sunansu ba. Ta canza ɗaya. Hoton bai tsaya ba. Maimakon ta mayar da shi, sai ta canza na biyu. Ta ƙara na uku da na huɗu. Ta ƙara haske, ta rage girma, ta danna duk abin da ya dannu. Hoton ya tsage gida biyu. Daga baya ya koma ɗigo-ɗigo. Ta nemi komawa inda ta fara, ta rasa hanya.

Ta janye hannunta daga kwamfutar.

"Ba kwamfutar ba ce," in ji Limbani, yana tauna. "Kaset ne ya yi ƙura. Kawuna yana da irin wannan a garin Limbe. Cirewa ake yi a hura masa iska. Fuu, fuu, shi ke nan. Kowa ya san wannan."

"Baba ya ce kada a taɓa."

"Ai ba fasa shi za ki yi ba. Kafin ya dawo kin gama, har ya yaba miki."

Tiyamike ta dubi jan fitilar. Tana kunne. Maɓallin kashewa yana nan kusa da yatsanta. Amma tana so ta ga ko hoton zai gyaru nan take, ba ta son jira. Ta kama kaset ɗin ta fizge.

Kiɗan ya tsaya a kan sauti ɗaya mai tsawo, kamar kukan sauro. Ta hura wa kaset iska sau biyu, ta mayar da shi. Sautin ya ɗauke. Allon ya yi baƙi.

Suka dubi juna.

"Ina jin Mama na kirana," in ji Limbani. Ba wanda ya kira shi. Ya fita, ya bar totuwar masara a ƙasa.

Tiyamike ta kashe na'urar. Yanzu ne ta kashe ta, bayan aikin ya riga ya wuce.

Da Baba ya dawo ya tambaye ta. Ta ce, "Hoton ya ƙi fitowa da kyau." Ba ta ƙara komai ba. Da yamma Mama ta yi tuwon masara da miyar ƙananan kifi, abin da Tiyamike ta fi so. Loma kaɗan ta ci ta wanke hannu.

Ranar Litinin ta kai wa Malama Makwinja kwamfutar. Malama ta buɗe saitin, ta gyara zaman tabarau.

"Me kika canza?"

"Komai, Malama."

"Na gani. To, a cikinsu wanne ne ya ɓata hoton?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba. Kin ga illar." Malama ta danna wani wuri, komai ya koma yadda yake tun farko. "Yanzu gaya mini yadda hoton yake kafin ki fara wannan aikin."

Tiyamike ta kwatanta mata. Ba launi, kuma yana gangarowa.

"Daga wace ƙasa na'urar ta zo?"

"Ƙasa kuma? Ai na'ura na'ura ce."

"A'a. A zamanin da, talabijin ɗin duniya ba tsarinsu ɗaya ba. Namu na nan ana ce masa PAL. Na Amurka ana ce masa NTSC. Nasu ya fi namu saurin sauya hoto, kuma yadda suke aika launi daban ne. In na'urar ta can ce, kwamfutarki kuma tana jiran hoto irin namu, to ba za su daidaita ba. Kamar mutum biyu ne suna tuƙa kwalekwale, ɗaya da sauri, ɗaya a hankali."

Tiyamike ta buɗe ido. Na ɗan lokaci ta manta da damuwarta. "Me ya sa ba su haɗu sun yi iri ɗaya ba?"

"Kowa ya ga nasa ya fi. Ki tambayi babanki inda aka samo ta. Sannan ki canza wannan wurin kaɗai." Ta nuna mata da yatsa. "Akwai wani abu da kika yi ban da wannan?"

Tiyamike ta kalli takalmanta. "Babu, Malama."

Malama ta daɗe tana dubanta, sannan ta miƙa mata kwamfutar.

Da la'asar Baba ya dawo da wuri. Tiyamike ta tambaye shi.

"Daga Amurka mana," in ji Baba. "A cikin dilar gwanjo ta zo. Kakanki ya gan ta a kasuwa ya saya mana. Ai shi ya sa take da wannan baƙin ƙarfen." Ya nuna wani abu mai nauyi da ke jikin wayar wuta. "Wutarmu ta fi ƙarfinta. Wannan ne yake rage mata."

Mama ta jawo kujera ta zauna. Baba ya kunna na'urar. Tiyamike ta bi komai sannu a hankali. Ta zaɓi ɗan aike, ta duba. Ta bi wayoyi, kowace a raminta. Hoton toka-tokan nan ya dawo yana gangarowa. Ta je wurin da Malama ta nuna, ta canza shi, shi kaɗai.

Hoton ya tsaya cak.

Sama ta zama shuɗiya. Duwatsu suka zama ja. Wani farin ɗan akuya ya fito yana tsalle, kunnuwansa na rawa. Kiɗan ya cika falon.

Baba ya dafa kansa. "Ga shi nan," ya ce. "Ga ɗan banzan nan." Yana dariya, idanunsa sun kawo ruwa. "Danna ɗauka, 'yata. Bari in nuna wa Yaya iyakarsa."

Ta danna. Baba ya ɗauki abin riƙewa ya shiga wurin sunaye.

Layuka goma suka fito, tas da su. Kowane layi babu komai sai ɗigo uku da sifiri.

Baba ya fita ya sake shiga. Haka dai. Ya ajiye abin riƙewar a kan tebur, a hankali.

"Batir ɗin ne," ya ce. "Ya mutu. Dama ya wuce shekarunsa. Wa ya san tun yaushe suka goge, mu muna nan muna gardama a kan abin da babu." Ya yi ɗan murmushi. "Ba don nawa ko na Yaya ba. Sunan mahaifinmu ne a layi na goma. Sau ɗaya ya taɓa yin wasan. Shi na so in sake gani."

Mama ta dafa kafaɗarsa. "Ba laifin kowa ba ne, baban Tiya."

Tiyamike tana zaune tana jin su. Ta ga hanya a buɗe. In ta yi shiru, batir zai ɗauki laifin, kuma batir ba zai taɓa musu ba. Limbani ma ba zai faɗa ba. Ta dubi fuskar babanta. Ya yarda da maganarta ranar Asabar, bai sake tambaya ba.

"Baba," ta ce. Bai ji ta ba. Ta sake cewa, "Baba, ba batir ba ne. Ni ce."

Ta gaya musu komai. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma ɗora wa Limbani ba. Ta ce hannunta ne ya cire, kuma ta ga fitilar tana kunne.

Baba bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ta fi jin sauƙi. Ya tashi ya fita ya zauna a dakalin ƙofa, yana kallon hazon da ke sauka a kan dutse. Tiyamike ta yi kuka ba sauti. Mama ta bar ta ta yi.

Da ya daɗe, ya kira ta. Ta zo ta durƙusa a gefensa.

"Me na hana ki?"

"Taɓa kaset in fitila tana kunne."

"Abu nawa na hana ki?"

"Ɗaya."

"Na ji zafin sunayen," in ji Baba. "Ba zan ce miki ban ji ba. Ba za su dawo ba. Na kuma ji zafin shirun da kika yi mini ranar Asabar. Amma yau na ba ki mafita da bakina, kika ƙi bi. Wannan na gani."

"Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe. Sai dai akwai sauran aiki. Gobe za ki gaya wa malamarki gaskiya. Har ƙarshen watan nan ba za ki kunna na'urar ba sai ina wurin. Baffanki kuwa ke kika yi masa alkawari. Ke za ki gaya masa."

Ya miƙa mata wayar.

Wannan ya fi komai wuya. Baffa ya ɗauka da fara'a.

"'Yata, an gama? Babanki ya sha kunya?"

Ta gaya masa komai. Tana jin ƙarar wani keken asibiti yana wucewa a can.

"Har da na tsohonmu?" in ji Baffa.

"Har da shi, Baffa. Ka yi haƙuri."

Ya ja dogon numfashi. Sannan ya ce, "Tsaya. Kin ce kafin ki cire, hoton ya fito?"

"Ya fito, amma yana rawa."

"Kin karanta wani abu?"

"Layin farko kawai."

"Me aka rubuta?"

Tiyamike ta saci kallon babanta. "G, A, N."

Dariyar da Baffa ya yi sai da wayar ta yi ƙara. Suka ji wata mata a can tana ce masa ya rage murya, akwai marasa lafiya.

"Mavuto, ka ji ko? Daga bakin 'yarka."

"Hoton rawa yake yi," in ji Baba. "Ba ta gani da kyau ba."

"Sau biyu na gani, Baba."

"Ke, wa ya tambaye ki?" Amma bakinsa ya fara motsi da dariya.

"Yarinyar da ta faɗi gaskiya a kan kanta ba za ta yi ƙarya a kaina ba," in ji Baffa. "Shari'a ta ƙare."

"Shaida ɗaya ba ta isa ba. Yanzu layin farko ba kowa. Yau ɗin nan zan sa sunana, in ɗauka in aiko maka. In kana da ja, ka zo ka cire shi."

"Haka ka ce?"

"Haka na ce."

Sai Baffa ya ce, "Likita ya ce kafin Kirsimeti zan taka. Ka gyara mini gado, ƙanena. Ka kuma sayo wa kaset ɗin sabon batir, tunda yanzu babu abin da za a rasa."

Mama ta rufe bakinta da hannu. Baba ya ce, "To, Yaya."

Suka koma falo. Tiyamike ta danna ɗauka. Baba ya fara wasa, amma yatsunsa sun manta. Akuyar ta faɗa ramin farko. Ta sake faɗawa. Mama ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Yana wasan yana magana. Ya ba su labarin ranar da mahaifinsu ya yi wasan. Ya dawo daga coci da kwat ɗinsa, ya tarar da su suna faɗa a kan abin riƙewa. Ya ƙwace ya ce bari ya ga abin da ke hana su ɗebo ruwa. Ya zauna a bakin kujera, kwat ɗin a jikinsa. Duk lokacin da akuyar za ta yi tsalle, shi ma sai ya ɗaga ƙafa. Har abinci ya huce bai tashi ba. Da ya samu layi na goma, ya rubuta sunansa a tsanake, ya miƙe ya ce, "Wasan banza ne." Bai sake taɓawa ba. Amma wani lokaci yakan tambaye su, "Sunana yana nan?"

Kwamfutar ta ɗauki hoton wasan. Ta ɗauki kiɗan. Ta ɗauki muryar Baba da labarin duka, domin Tiyamike ta kunna abin ɗaukar murya kafin su fara. Wannan ma shi kaɗai ta canza, kuma sai da ta gwada ta ji yana aiki.

Suka aika wa Baffa. Washegari ya ce ya kalla har batir ɗin wayarsa ya ƙare, kuma mutumin gadon kusa da shi ma ya kalla.

Tiyamike ta gaya wa Malama Makwinja gaskiya. Malama ta ce, "Na ga alama tun jiya. Na ji daɗi da kika dawo da kanki." Limbani ma ya zo ya ba Baba haƙuri, yana ta sosa ƙeya.

Ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti, wani dogon mutum mai sanda ya sauko daga mota a bakin titin Chinamwali. Baba ya ruga ya rungume shi. Sun daɗe a tsaye a haka. Daga nan mutumin ya juyo ya dubi Tiyamike.

"Ke ce mai shaidata?"

"Ni ce, Baffa."

"To, zo ki riƙe mini jaka. Muna da aiki."

Tsofaffin sunayen ba su dawo ba. Akwai abin da in ya ɓace, haƙuri ba ya dawo da shi. Tiyamike ta san haka, kuma ba ta manta ba. Ta koyi cewa idan babba ya hana ka abu, akwai dalili, ko da kana sauri. Ta koyi cewa idan abu ya ƙi aiki, a canza abu ɗaya a duba, kada a hargitsa komai. Ta kuma koyi cewa wanda ya yi kuskure ya faɗi gaskiya, ko da yana da hanyar ɓoyewa, domin da haka ne mutane za su ci gaba da yarda da maganarsa.

A ranar, tun kafin a sauke tukunya, Baffa ya ƙwace layin farko. Baba ya ce abin riƙewarsa ne ya lalace.